Gurbi Ɗaya a Kabarin Gozzard

Toron dinyar ya riga ya cafke ƙafar wandon baƙon kafin Enid Marfleet ta samu inda za ta ajiye tukunyar romo. Mutumin ya rungume jakar takardu a ƙirji, yana ja da baya yana cewa "kai, kai" cikin ladabi, kamar toron zai ji kunya ya sake shi. Sauran dinyoyin bakwai sun miƙe dogayen wuyansu suna huci daga baya, babu wadda ta ga laifin abin da shugabansu yake yi.

Enid ta dire tukunyar a kan katanga, ta ɗauki tsintsiyar da ke jingine a bakin ƙofa.

"Kada ka juya masa baya, Mista Gozzard," in ji ta. "Buɗe hannuwanka ka nuna ka fi shi girma."

Bai buɗe ba, don yana tsoron jakarsa ta faɗi a laka. Sai da ta kai wa toron shara biyu a ƙirji sannan ya saki wandon, ya tafi yana waiwaye yana ƙunƙuni.

Shekara goma sha huɗu ke nan Enid da dinyoyin maƙwabcinta Norris ba sa ga-maciji. Sun cinye mata kabeji, sun ɓata mata hanyar ƙofa, sun taɓa korar jikarta har cikin ɗaki. Sau biyu tana kai ƙararsu gaban majalisar ƙauye. Amma tun da Norris ya kwanta, mako uku ke nan, ita ke buɗe musu da safe, ita ke zuba musu hatsi da yamma, kuma duk wanda ya tsaya a bakin shinge sai ta gaya masa cewa ba don ƙauna take yi ba. Shekarunta saba'in da huɗu, mijinta ya rasu tuntuni, kuma kowa a ƙauyen Wrayfleet ya san ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

Baƙon shi ne Desmond Gozzard, tsohon malamin makaranta daga birnin Leicester. Enid ce ta rubuta masa wasiƙa da hannunta, Norris yana faɗa tana rubutawa, don haka ta san abin da ya kawo shi. A maƙabartar cocin ƙauyen akwai kabarin Jabez Gozzard da matarsa Lettie. An haƙa shi da zurfin mutum uku, biyu sun shiga, gurbi ɗaya ya rage. Wannan gurbin Norris yake so. Rabaran ya ce duk ɗan ƙauyen yana da haƙƙin a binne shi a maƙabartar, amma buɗe kabarin dangi sai da yardar wanda ya fi kusa da su ta jini. Desmond jikan ƙanen Jabez ne. Norris kuwa ba jininsu ba ne ko kaɗan.

Kowa a ƙauyen ya san wannan, kowa kuma ya manta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da bama-bamai suka yi yawa a Landan, aka riƙa loda yara a jirgin ƙasa ana kai su ƙauyuka, kowane da takardar sunansa maƙale a riga. Norris yana da shekara huɗu, takardarsa ta ce Norris Platt. Aka jera su a zauren makaranta, mutane suka zo suna zaɓa. Masu ƙwari suka tafi da wuri, don akwai aikin dankali. Shi ne ya rage a kan benci, ya jiƙa wandonsa, sai Lettie da ba ta taɓa haihuwa ba ta ɗauke shi ta naɗe a mayafinta. Yaƙi ya ƙare, aka zo aka kwashi yaran wasu, shi babu wanda ya zo. Unguwarsu ma an ce babu ita. Ba a yi wata takarda ba. Lettie ta kama hannunsa ta kai shi makaranta ta ce wa malami ya rubuta Gozzard, kuma da sunan ya yi aikin gadin mararrabar jirgin ƙasa har ya ajiye aiki. Bai yi aure ba.

An sauko da gadon Norris falo, kusa da taga, don ya riƙa ganin dinyoyinsa. Ya rame har maɗaurin agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Desmond ya tsaya a bakin ƙofa yana goge takalmi fiye da yadda ya kamata. Yana yaro Baffa Norris yake ce masa, amma yau ya haɗiye sunan ya ce kawai, "Yaya jikin?" Enid ta lura, ta kuma ga Norris ya lura.

"Shigo, ɗan Harold," in ji Norris. "Na ga torona Janar ya gaishe ka. Kada ka damu, haka ya yi wa likita."

Enid ta haɗa shayi ta kawo, ta ƙi fita. Aka taɓa zancen hanya da ruwan sama. Sai Norris ya roƙi Desmond ya sake ba shi labarin asalin sunan, wai yana so ya ji daga bakin mai shi.

Nan take fuskar Desmond ta sake. Shekara talatin ya yi yana bin sunan nan coci-coci, yana buɗe tsofaffin littattafan baftisma, har ya buga ɗan littafi ya raba wa dangi. Ya ce ma'anar sunan makiyayin dinya ke nan, ba wani abu ba. A da, kafin a janye ruwan fadamun nan a mayar da su gonaki, dinya ce arzikin mutanen yankin. A fige gashinta a cusa a katifa, a fere manyan a yi alƙalami, a sayar da naman. Mutum ɗaya ke tattara na gari duka ya kai su ruwa da safe, ya dawo da su da yamma, kuma ya san ta kowane gida. In kaka ta yi, sai a kora su cikin kwalta mai ɗumi, daga nan cikin yashi, ƙafafunsu su yi takalmi, sannan a tasa su a gaba ana tafiyar kwanaki har kasuwar birni. Yana magana yana zana hanyar da yatsa a kan bargo, ya manta shayinsa.

Norris ya saurara ido a lumshe. Da aka kai aya ya ce, "To shi na farkon nan, wanda aka fara kira da sunan, ɗan waye?"

"Ba a sani ba. Wajen shekara ɗari bakwai fa ke nan. A lokacin talaka ba shi da sunan dangi, suna ɗaya ne kawai. Mutane ne suka ga kullum yana bayan dinya, suka riƙa cewa wane mai dinya, har abin ya bi shi."

"Wato mutane ne suka kira shi."

"Haka ne."

"Ba a tambaye shi takarda ba."

Desmond ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen rigarsa. Ya ce wannan a da ke nan, daga baya sunan ya koma bin jini, kuma a lissafinsa su sittin da uku ne kacal suka rage a duniya, dole mutum ya yi hattara da abin da ya rage. Ya ce ba wai yana ƙin kowa ba ne. Ya ce zai yi tunani ya rubuto. Enid ta raka shi har mota da tsintsiya a hannu, ba ta ce masa ya gaida gida ba.

Da ta dawo ta tarar Norris yana kallon taga. Littafin Desmond yana kan kantar bango inda ya saba zama, bangonsa ya yi laushi don yawan buɗewa. Sai a lokacin lissafi ya zo mata. Littafin ya iso ne a shekarar da Norris ya ajiye aiki, kuma a bazarar shekarar ce ya dawo daga kasuwa da 'yan tsakin dinya shida a kwali, mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba. Ta ɗauko littafin ta buɗe shafukan ƙarshe inda aka jera dangi. Ga Jabez, ga Lettie, a ƙarƙashinsu an rubuta ba su haihu ba.

"Ashe dalilin ke nan da kabejina ya ƙare," ta ce.

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Na ce tunda jini bai ba ni ba, bari in gwada aiki."

"Ai da ka gaya min."

"Da kin bar su sun ci?"

"A'a."

"Kin gani."

Ta juya ta shiga wanke kofuna, don idonta ya ciko kuma ba ta son ya gani. Shekara goma sha huɗu tana yi masa kallon tsoho mai taurin kai da ya rasa abin yi. Kunya ta kama ta sosai.

Kwanaki suka ja. Nas tana zuwa sau biyu a rana. Norris ya daina cin romo, sai ruwan kawai, daga baya ruwan ma sai cokali biyu. Barci ya yi masa yawa, amma kullum da hantsi, lokacin zuwan mai kawo wasiƙu, idonsa biyu. Da ya ji murfin ƙofa ya yi ƙara sai ya juyo da kai. Takardar wuta, tallan tagogi, katin gaisuwa daga tsofaffin abokan aiki. Idonsa ya daina ganin rubutu, don haka Enid ke karanta masa komai, har tallan, don ya ce yana son jin yadda take zagin masu tagogin.

Ranar kwana na tara wasiƙar ta zo. Enid ta gane ta da tambarin Leicester, ta wuce da ita kicin ta buɗe a tsaye. Layi biyar ne, an buga da na'ura. Bayan dogon nazari, in ji Desmond, ya ga bai dace a buɗe kabarin ga wanda ba ya cikin zuriyar ba, yana fatan za a fahimce shi, yana kuma yi wa mara lafiya fatan sauƙi. Ta karanta sau biyu, ta yi tsaki, ta ninke ta tura a aljihun rigar girkinta. Ta tsaya tana kallon butar shayi, ba ta kunna ba.

"Enid," muryarsa ta zo daga falo, siririya. "Na ji ƙofa."

Ta shigo ta zauna a kujerar gefen gado. Ita ce matar da ta gaya wa ƙanwarta a gaban baƙi cewa kek ɗinta ya fi kama da bulo, ta kuma gaya wa Rabaran cewa wa'azinsa yana sa ta barci. Ta buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya kamar kullum. Sai ta ga hannunsa ya damƙe gefen bargo.

"Ya yarda," ta ce. "Ya ce ka kwanta wajen iyayenka."

Ya juyo da kai gare ta.

"Haka ya ce? Iyayena?"

"Haka ya rubuta."

"Karanta min wajen."

Ta zaro takardar, ta warware ta, ta gyara tabarau. Ta ɗora ido a kan layukan nan biyar ta karanta abin da babu a ciki. Ta ce Desmond ya yi tunani ya ga wanda ya yi kiwon dinya shekara goma sha huɗu ya fi kowa cancantar sunan, kuma gurbin da ke gefen iyayensa nasa ne tun asali. Muryarta ba ta yi rawa ba, abin da ya ba ta tsoro ke nan.

Norris ya saki bargon. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, ta sa hankici ta goge. Can ya ce ta je rumfar baya, a saman ƙofa akwai sanda, ta ɗauko. Ta same ta cikin yanar gizo-gizo, doguwa ta fi ta tsawo, da lanƙwasa a kai da wani tsohon jan ƙyalle da ya koɗe. Ya ce ta kakan Jabez ce, shi ne na ƙarshe da ya kora dinya kasuwa da ƙafa. Da lanƙwasar ake kamo wuyan wadda ta fanɗare, ƙyallen kuma shi suke bi.

"Da na yi niyyar a saka min ita a akwati, don haushi," ya ce. "Yanzu ba na bukata. Ki kai wa yaron nan, Desmond. Ki ce na gode. Ki ce ajiya ce dama."

Kwana biyu bayan haka, da safe, ta fita ta buɗe wa dinyoyin, ta tsaya ta fasa ƙanƙarar da ta rufe kaskon ruwansu. Da ta dawo tana hura hannuwanta, ta tarar rai ya yi halinsa. Fuskarsa tana fuskantar taga, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi magana. Ta rufe masa ido, ta gyara masa wuyan riga, ta zauna. Ta yi kuka, kukan maƙwabci na shekara arba'in, amma a ƙarƙashin kukan akwai tsoro. Mutumin ya tafi yana ganin ya san inda za a kwantar da shi, kuma ita kaɗai ta san ba haka ba ne.

Mai shirya jana'iza ya sa ranar Juma'a, ya ce mai haƙa yana bukatar sanin wuri kafin safiyar Alhamis. Enid ta je wajen Rabaran ta zayyana masa komai, har ƙaryar. Ya saurare ta da tausayi, ya ce hannunsa a ɗaure yake, amma akwai wuri mai kyau a sabon layi, can kusa da shinge, inda rana ke faɗawa da safe. Ta ce masa matacce ba ya shan hantsi. Ta tashi ta fita.

Ranar Laraba ta sa rigar cocinta, ta ɗauki sandar, ta hau bas. Sai da ta canza mota biyu. Direban farko ya ce, "Iya, kifi za a kama ko yaƙi za a je?" Ta ce in ya ci gaba da surutu zai gani. Sandar ta ƙi tsayawa a miƙe, dole ta kwantar da ita a tsakanin kujeru, kowa ya zo sauka sai ya tsallake.

Desmond yana zaune a hawa na biyu na wani dogon gini, ɗaki biyu da kicin. Ba ta taɓa tunanin yadda gidansa yake ba, ta ɗauka dai akwai mata da jikoki. Babu kowa. Kwalaye ne jere har rufi, kowanne da shekara a jiki, bango guda kuma an lulluɓe shi da farar takarda mai rassan sunaye. Kujera ɗaya ce a teburin cin abinci, sai da ya kwashe takardu daga wata kafin ta samu wurin zama. Ya riga ya ji rasuwar ta waya. Ya yi mata ta'aziyya, ya sa ruwan shayi, idonsa yana ta komawa kan sandar.

Ba ta ba shi ba tukuna. Ta fara da faɗa, don shi ta iya. Ta ce Norris shi ya yi jinyar Jabez, shi ya ɗauki Lettie a hannu zuwa bayan gida shekara biyu, shi ke yanke ciyawar kabarin nan tun kafin Desmond ya san hanyar ƙauyen. Ina masu jinin suke a lokacin? Desmond bai musa ba. Ya tsaya a gaban bangonsa, hannu a aljihu. Da ta gaji ta yi shiru, sai ya nuna wani suna a can ƙasa, a ƙarshen wani reshe, babu komai a ƙarƙashinsa.

"Ni ne wannan, Misis Marfleet. Daga ni reshen ya ƙare. An ƙone gawar mahaifina an watsa tokar a teku, mahaifiyata tana wajen danginta. Wrayfleet ne inda na fara samun sunanmu a rubuce, kuma wancan ne kabari ɗaya tak da ya rage da shi a jiki." Ya sauke hannunsa. "Shekara ashirin ke nan ina sa rai da gurbin nan."

Enid ta dubi sunan. Ta zo da shirin yaƙi da mai girman kai, sai ta tarar da wani tsohon da shi ma yake neman inda zai kwanta. Duk maganganun da ta tanada a cikin bas suka zube.

"Me ya hana ka rubuta haka?" ta ce.

"Da kunya. Mutum ya yi gardamar rami da mai mutuwa."

Butar ta tafasa ta kashe kanta, babu wanda ya tashi. Enid ta jawo sandar ta ɗora a kan tebur, a kan takardunsa. Ta gaya masa ta wane ce, da aikin lanƙwasar, da aikin ƙyallen. Ya miƙa hannu ya taɓa wajen da hannaye suka goge itacen har ya yi sheƙi.

"Ya ce in ce maka ya gode," in ji ta. "Ya ce ajiya ce dama."

"Ya gode? Bai samu wasiƙata ba?"

"Ya samu. Ni na karanta masa. Na ce ka yarda." Ta dube shi ido cikin ido. "Na ce ka rubuta ya kwanta wajen iyayensa. Ya sa na maimaita. Da wannan ya mutu, yana sa maka albarka. Ban taɓa yi wa mutum ƙarya irin wannan ba, kuma ba na neman ka wanke ni. Na zo ne ka sani, don da sunanka na yi ta."

Fuskar Desmond ta yi ja har kunne. Ya janye hannunsa daga sandar. Ya ce ba ta da hurumin yin haka, ta ce ta sani. Ya ce ta ɗaure shi da igiyar da bai gani ba, ta ce wannan ma ta sani. Ya juya ya koma gaban bangonsa. Ta jira har agogon bango ya nuna lokacin bas ɗinta, ta tashi ta ɗauki jakarta. Sandar ta bar ta a inda take. Ya raka ta bakin matakala, ya ce ta sauka a hankali, na uku yana da santsi.

A hanyar dawowa ta zauna a gefen taga tana kallon gonakin da aka kwashe dankali, baƙar ƙasa shimfiɗe har ƙarshen gani. Ta tabbata ta ɓata komai. Ta fara shirya abin da za ta ce wa Norris a sabon layi, kusa da shinge, duk ranar Lahadi har ƙarshen ranta.

Ranar Alhamis ta tashi da yayyafi. Ta buɗe wa dinyoyin, ta tasa su a gaba da tsintsiya zuwa magudanar ruwan da ke bayan coci, inda Norris ya saba kai su. Ba wai suna bukata ba ne. Daga gaɓar magudanar ana hango maƙabartar ta saman katanga, kuma ba ta da ƙarfin zuciyar shiga ta ƙofa ta tambaya.

Sabon layi ta fara dubawa. Ciyawar tana nan lafiya lau, babu wanda ya taɓa ta. Ta ɗauka mai haƙa bai iso ba. Sai ta ji ƙarar shebur daga wani ɓangaren, can ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da ke gefen coci. An shimfiɗa katakai a kan ciyawa, an fara tara ƙasa a kan leda. Wani mutum yana tsaye a gefe da takalmin birni ya jiƙe sharkaf, babu lema, babu jakar takardu.

Ta bar dinyoyin a ruwa ta zagaya ta ƙaramar ƙofa. Desmond bai juyo ba sai da ta tsaya a gefensa. Ya ce motar farko ya biyo, ya sa hannu a takardar Rabaran tun kafin a buɗe ofis sosai.

"A littafina ba zan sa shi ba," ya ce. "Littafin na jini ne. Wannan ba zan canza ba."

"Ba littafi ya roƙa ba."

"Na sani."

Suka tsaya suna kallon mai haƙa. Can ta ce, "Kai fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya tambayi Rabaran, an ce in kabari ya cika akan iya ɗaga ciyawar gefe a sa ɗan tulun toka, in akwai wanda zai tuna ya kawo.

"Ka rubuta ka ba ni," in ji Enid. "In na riga ka, jikata ta san hanya."

Sai ya zaro hankici ya fyace hanci da ƙarfi.

An ciro dutsen kabarin an kwantar da shi rigingine a kan ciyawa don kada ya faɗa ramin. Enid ba ta taɓa ganinsa daga sama ba. Jabez, sai Lettie a ƙarƙashinsa, sai fili mai faɗin tafin hannu biyu da ba a sassaƙa komai ba. Yayyafin ya taru a cikin haruffan sunan da ke can sama, kowane harafi ya cika taf, ruwan yana rawa kaɗan duk lokacin da shebur ya daki ƙasa.